Kajina suna ƙarewa, maigida ya ce a kawo kare: me kuka gani?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu kiwo ku taimaka min da shawara, abin ya fara isata. Wata bakwai ke nan da muka tare a sabon gidanmu a bayan Zariya, can wajen Shika. Unguwar ba ta cika ba, gidaje huɗu ne kawai ke da mutane, sauran duk kangwaye ne da gonaki. Da kaji 14 na zo, na gida da wasu kajin zamani uku, irin Noila, da na sayo don ƙwai. Yau da safe na ƙirga, tara suka rage. 'Yan tsaki 11 da wata kaza ta ƙyanƙyashe min, saura uku. Ƙwai kuwa sai in ji kaza ta yi kyarkyara ta fito, in je in tarar wayam, ko ɓawo babu.

Ga kuma wani zomon daji da ke shigowa da dare yana aske min salak da alayyafo. Jiya yara suka tsinci ɗansa a cikin ciyawa bayan katanga, suna ta kuka sai an ajiye musu shi cikin kaji. Maigida ya ce maganin duka ɗaya ne, a kawo kare, har ya yi magana da wani maharbi zai ba shi. Ni ban taɓa zama da kare ba, kuma tsorona kada a kawo mai gadi ya zama shi ne ɓarawon. Wanda ya taɓa haɗa kare da kaji a gida ɗaya ya gaya min gaskiya.

Ɗan Zolaya:
Wa alaikumus salam. Anti, kin bincika ɓangaren masu ƙafa biyu kuwa? Muzurun da ke sa silifa ya fi na daji ɓarna. Unguwar da ake gini ga lebura ga maigadi, kaza ba ta yin tsawon rai.

Hajiya Mai Zabi:
Kai Ɗan Zolaya, baiwar Allah na cikin damuwa kana wasa. 'Yata, kafin a yi maganar kare, gaya mana: a ina kajin ke kwana? Kuma waɗanda suka ɓata, da rana ne ko da dare? An ga gawa ko gashi?

Maman Biyu:
Hajiya, akwai akurki amma ƙofarsa ta ɓalle tun watan jiya, kafinta bai zo ba. Wasu na kwana ciki, wasu kan tulin bulo da ya rage daga gini. Manyan duk da dare ko da asuba suka tafi. Uku ban ga komai nasu ba sai gashi a warwatse a tsakar gida. Biyu na tarar da su matattu a lungu, an cije su a baya, ba a ci ba. 'Yan tsakin kuma da rana suke raguwa, ɗaya-ɗaya, uwar ta dawo tana ta faɗa.

Tsohon Maharbi:
To yanzu kika yi magana. Yarinya, ba ɓarawo ɗaya ke gidanki ba, aƙalla uku ne, kuma kowanne da irin aikinsa. Bari in karanta miki kamar yadda muke karanta daji.

'Yan tsaki da ke ɓata da rana ɗaya-ɗaya ba gashi ba jini, wannan aikin sama ne. Shirwa ce ko shaho, wani lokaci hankaka. Yanzu an girbe gonaki, fili ya buɗe fetal, tsako ba shi da inda zai ɓuya. Ai da ma an ce kaza mai 'ya'ya ke tsoron shirwa. Ki lura da zakaranki: kukan da yake yi in ya hango abu a sama daban ne da wanda yake yi in abu na tahowa ta ƙasa. Na sama dogo ne siriri, da ya yi shi za ki ga kaji sun ruga ƙarƙashin wani abu. Na ƙasa kuwa kat-kat-kat ne, su miƙe wuya suna dube-dube.

Ƙwan da ke ɓata ba ɓawo, mai haɗiya ne ko mai ɗauka. Kumurci na haɗiye shi ɗungurungum, damo da guza ma haka. Gafiya kuma jan shi take ta kai rami. Da tunku ne ko hankaka da kin ga ɓawo a fashe.

Manyan kajin su ne suka fi ba ni tunani. Muzuru in ya kama, ɗaya yake ɗauka ya je ya ci, zai bar miki fukafukai da ƙafafu. Bodari in ya shiga akurki wuya da kai yake nema, kuma warinsa kaɗai ya isa shaida. Amma a kashe kaza a cije ta a baya a yar ba a ci ba, ga gashi ko'ina kamar an yi dambe? Ni dai na san mai wannan hali, sai dai ba zan kama suna ba tukuna. Yau da magariba ki tankaɗe toka mai laushi, ki barbaɗa a bakin akurki, da gindin bulon, da bakin rariyar da ruwa ke fita. Da asuba kafin kowa ya taka ki ɗauki hoto ki turo.

Ɗan Zolaya:
Baba ya koma ɗan sandan ciki. Allah ya ƙara wa Baba lafiya.

Mai Gonar Ƙauye:
Ni dai ina bayan maigidanki. Shekara takwas ina da kare a gonata, kaji sun fi sittin, ga agwagi ga talo-talo. Tun da ya zo ban ƙara ganin muzuru ba, dila ma da ke zuwa da daddare ya ɗauke ƙafa. 'Yan tsaki har hawa bayansa suke yana barci. Masu cewa kare na cin kaza, karen yunwa suka sani. Ka ciyar da shi ka ga ko zai kula su.

Hajiya Mai Zabi:
Malam, naka ka dace ne. Mu a gidanmu na aure na fari an kawo kare ƙosasshe, tuwo da miya yake ci kamar ɗan gida, a kwana ɗaya ya kashe min kaji bakwai bai ci ko ɗaya ba. Ba yunwa ba ce, wasa ne a wurinsa. Abu ya yi fiffika ya ruga, shi kuma ya bi. Tun daga ranar na ce ni da kare haihata-haihata. Zabi nake sawa. Zabuwa ko ganye ya motsa sai unguwa ta ji, maciji kuwa in suka gan shi kewaye shi suke suna kuka har mutum ya fito.

Mai Gonar Ƙauye:
Hajiya, zabi ihu kawai suka iya. Ihu na korar muzuru? Kuma da dare su ma barci suke a kan bishiya, mujiya na zuwa ta ɗauke su.

Hajiya Mai Zabi:
Ihun ne ke fito da ni da taɓarya. Kai karenka in ya haukace ya ciji ɗan maƙwabci ihun wa za a ji?

Likitar Dabbobi:
Hajiya da Malam, duk ku biyun abin da kuka gani da idonku kuka faɗa, kuma bai saɓa ba. Bambancin yana ga irin karen da yadda ya tashi. Malam Mai Gona, ina tsammani tun yana kwikwiyo ka ɗauko naka, ko?

Mai Gonar Ƙauye:
Haka ne Dakta, bai fi wata biyu ba. A rumfar kaji ya girma, wata uwar kaza ta taɓa sakar masa baki a hanci, har yau yana kauce mata.

Likitar Dabbobi:
To ka gani. Maman Biyu, abin da ya fi tayar min da hankali a saƙonki shi ne kalmar maharbi. Karen farauta tun yana ƙarami abin da aka koya masa shi ne duk abin da ya zabura ya bi shi ya kama. A kan haka ake yaba masa, a kan haka ake ba shi kai da hanji. Ki kawo shi babba ki ajiye cikin kaji, kin ba kura ajiyar nama. Ba laifinsa ba ne, sana'arsa ce.

In har za a yi, kwikwiyo ake ɗaukowa ɗan sati takwas zuwa goma, zai fi kyau wanda uwarsa ke zaune da kaji. A riƙa kai shi cikinsu da igiya a wuya, ya kwanta yana kallonsu, da ya yunƙura zai bi a tsawata masa nan take. Ba a barinsa shi kaɗai da su. Lokacin da ya fi haɗari daga wata shida ne zuwa shekara ɗaya da rabi, ƙarfi ya zo hankali bai zo ba. Ko masu kiwon karnukan gadi a ƙasashen waje ba sa sakin jiki da su sai sun doshi shekara biyu. Ki tambayi kanki: daga yau zuwa lokacin, wa zai tsare kajin?

Sai lafiya. Allurar rigakafin ciwon hauka ana yi masa yana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma ki adana katin. Kina kusa da Samaru, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, ba ki da uzuri. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a nufi asibiti a ranar, ba a jira a ga ko karen zai mutu. Ciwon nan da zarar alamunsa sun bayyana ga mutum, kusan ba a tashi.

Almajirin Malam:
Salamu alaikum. Ban ga wanda ya taɓo ɓangaren addini ba, kuma na san shi ne ke ran matar nan ko ba ta faɗa ba. Hadisi ya tabbata cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum. Kuma mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da kare. A Risala ma Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya ce ba a riƙon kare a gidaje sai don shuka ko dabbobin da yake raka su daji ko farautar neman abinci.

Mai Gonar Ƙauye:
Malam, kaji ba dabbobin kiwo ba ne?

Almajirin Malam:
Ina zuwa ai, ban gama ba. Masu sharhin Risalar sun kawo cewa shi Ibn Abi Zaid ɗin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron a cutar da shi, ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Don haka malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida da dukiya a kan gadin gona, in buƙatar ta gaskiya ce. A mazhabar Malikiyya kuma kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai don bin umarni. Abin da zan ce: in an kawo shi, wurinsa waje, da kwanon cinsa daban, kuma haƙƙinsa na ci da sha da inuwa yana wuyanku. Ɗaure shi a rana da sarƙa yini guda ba ruwa zunubi ne mai zaman kansa. Amma ku tambayi malamin unguwarku, ni ɗalibi ne.

Maman Biyu:
Na gode Malam, wallahi yana raina. Surukata ta riga ta ce in aka kawo kare ba za ta ƙara kwana gidan ba.

Ɗan Zolaya:
Anti, ki yi a hankali, wannan bayanin zai sa wasu matan cikin gidan nan su fita neman kwikwiyo gobe da sassafe.

Admin:
Ɗan Zolaya, gargaɗi na farko. A koma kan kaji.

Ɗan Maraɗi:
Ina gaisuwa. Mu nan wajenmu in aka ce karen zomo, karen Buzaye ake nufi, wanda Turawa ke kira Azawak da sunan kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali. Dogo ne siriri, ƙafafu kamar barewa. Yana tsaron zango da kyau, baƙo ba ya kusanta, amma da ido yake farauta, abu ya gifta ya tafi. Wanda ya taso cikin bisashe ba ya taɓa na gidansu, na gidan wani kuwa Allah ya kiyaye. Ku riƙe wannan: kare na iya sanin kajin gidansu ya ƙyale su, ya tsallaka ya kashe na maƙwabta. Daga nan rigima ke tashi.

Ɗan Ci-rani:
Ni a Ingila nake, kuma abin zai ba ku dariya, nan ma zancen ke nan. Turawa na kiwon kaji huɗu ko biyar a bayan gida, ga zomaye na daji cike da filaye, ga wata dabba mai kama da yanyawa, ja, mai kaurin wutsiya, tana yawo har tsakiyar Landan. Maƙwabciyata ta rasa kajinta duka a dare ɗaya saboda ta manta sakata. Kuma tana da kare, yana ɗaki kan kujera yana barci. Abin da suka dogara da shi ƙofa ce da raga, wasu har ƙofa mai rufe kanta in duhu ya yi suke sawa.

Karnukan gadi na ainihi akwai su, irin su Maremma na Italiya da Kangal na Turkiyya, an ɗauki ɗaruruwan shekaru ana zaɓar waɗanda ba sa bin dabba. A Ostireliya akwai wani ɗan tsibiri kusa da garin Warnambul da waɗannan yanyawoyin suka kusa ƙarar da wasu ƙananan tsuntsayen ruwa. A 2006 wani mai kiwon kaji ya ba da shawara a kai Maremma irin wanda ke tsare masa kaji, aka kai, tsuntsayen suka farfaɗo. Amma kare mai gashi kamar tunkiyar Turai, a zafin Zariya na watan Afrilu, ga kuɗin abincinsa ya fi kuɗin kaji tara? Ban ba ki shawara ba.

Tsohon Maharbi:
Ku bar zancen Turai ku dawo kan ɗan zomon nan, shi ne ke da gaggawa. Yarinya, yau-yau ki mayar da shi daidai inda aka ɗauko shi. Ba yasasshe ba ne. Zomon dajinmu ba ya haƙa rami, a ɗan lotsi cikin ciyawa uwar ke haihuwa, ɗan ya fito da gashinsa ido buɗe. Takan bar shi ya lafe yini guda, ta zo da duhu ta ba shi nono na ɗan lokaci ta tafi, don kada ta ja masa maƙiyi. Na ga yara da yawa sun ɗauko, ban ga wanda ya raya ba. Ba ya cin abinci a tsare, firgici ke kashe shi. In kuma kika sa shi cikin kaji su za su fara tsattsage shi.

Likitar Dabbobi:
Baba ya yi daidai. Zomon gida da na dajinmu suna ne kawai ya haɗa su a Hausa. Na gida asalinsa daga zomon Turai ne na yankin Sifen da Fotugal, mai haƙa rami, cikinsa wajen kwana 31, 'ya'yan su fito tsirara ido rufe. Na daji wani jinsi ne daban, ba sa ma barbara da juna. In yara na son zomo a saya musu na gida, a yi masa kejinsa a sama daban. Kada a ba shi abincin kaji na buhu, wasu na ɗauke da maganin zawo na kaji da ke iya kashe zomo. Haka maganin kaska na kare mai sinadarin fifronil, in aka ɗiga wa zomo yana iya mutuwa. Akwai kuma ƙuman nan da ke liƙe wa kaji a kewayen ido, yana kama kare yana kama zomo, in ya shiga gida sai an yi wa kowa magani tare da wurin kwanansu.

Shi zomon da kansa ba ya taɓa kaza, ganye ya sani. Matsalarsa ita ce hanyar da yake bi. Inda zomo ya shiga, muzuru zai shiga, tunku zai shiga, kuma duk karen da ya shinshino sawunsa zai biyo.

Mai Gonar Ƙauye:
Ki samu shinkafar ɓera ki cusa cikin hanjin kaza ki ajiye a bakin rariyar. Ko mene ne zai ci ya mutu, a huta.

Likitar Dabbobi:
Malam, don girman Allah a'a. Gida mai yara biyu? Kajin za su tsattsaga, kyanwar maƙwabta za ta ci, ungulu ta ci gawar ta mutu. Kuma ba ka san na wane ne za ka kashe ba. In ɓeraye ne damuwar, a daina barin dusa da tsaki a ƙasa da dare, a zuba hatsi a durom mai murfi. Abincin da ke kwana a ƙasa shi ke kiran ɓera, ɓera ya kira maciji da muzuru. Ga zazzaɓin Lassa da wani ɓeran gida ke yaɗawa ta fitsari da kashi, kuma da rani ya fi tashi.

Hajiya Mai Zabi:
Ni bari in gaya miki abin da nake yi wa 'yan tsaki, tun kakata haka ake yi. Babban kwando mai faɗi nake kifewa a kansu da uwar a inuwa, in sa musu tsaki da ruwa a murfin roba da 'yan duwatsu ciki don kada su nutse. Sai sun yi sati shida zuwa takwas, gashi ya rufe su sun iya gudu, nake sakinsu. Da can cikin goma in samu uku, yanzu bakwai takwas nake tayarwa. Wasu na shafa musu shuɗin maganin miki wai shirwa ba ta gane su. Na gwada, sati biyu ta yi tana kewaya, daga baya ta gane shuɗin tsako ma nama ne. Kuma ki bar 'yan wuraren ɓuya a tsakar gida, ko tsohon kwanon rufi ne ki ɗora kan bulo huɗu. Gidan da aka share tas ba inuwa ba lungu, shirwa aka share wa.

Kafintan Unguwa:
Tun ɗazu nake karantawa, kowa na zagaye. Ƙofar akurki ta ɓalle wata guda, kaji na kwana kan bulo, ana neman kare. Kaza da dare ba ta gani, ko yaro zai ɗauke ta kamar ya ɗauki takalmi. Maman Biyu, aikin da ke gabanki bai kai kuɗin kaza biyu ba. Ƙofar katako da sakata ta ƙarfe, ba ƙusa da aka lanƙwasa ba. Tagogi a sa raga mai ƙananan idanu, ta rabin inci, waccan mai faɗin ido ta hana kaza fita ce kawai, tunku na ratsa ta, kare na yaga ta. A ɗaga akurkin daga ƙasa kamar ƙafa biyu, ko a zuba masa daɓen siminti. In filin yini za a kewaye, a binne gindin ragar ƙafa ɗaya ko a shimfiɗa ta waje a danne da bulo, mai haƙa ya zo ya tarar da ƙarfe. Rariya a sa mata rodi ko raga. Tulin bulon nan kuma a kwashe shi, ɗakin maciji ne kyauta. Wanda zai kwashe ya sa takalmi, ya riƙa ture bulon da sanda kafin ya sa hannu.

Likitar Dabbobi:
In kumurci ne ya tofa wa mutum a ido, ruwa mai yawa za a yi ta zubawa sannan asibiti. Ba a tsaga wurin sara, ba a ɗaure shi tamau. Kuma tun da kafinta zai zo, ki haɗa da rigakafin Niyukasil, ciwon nan da ke share kaji da sanyin hunturu. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato na yin irin wanda ke jure zafi, ana ɗiga shi a ido ko a ruwan sha, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. A ƙauyukanmu abin da wannan ciwo ke kashewa a sati guda, muzuru ba ya cin sa a shekara.

Maman Biyu:
'Yan gida ina kwananku. Na yi yadda Baba ya ce. Ɗan zomon mun mayar tun jiya da yamma, yara sun yi kukansu sun gaji. Kajin kuma na kwashe su na rufe a kicin ɗin waje. Ga hotunan tokar. A bakin rariya akwai sawu iri biyu, a gindin bulo kuma wani layi kamar an ja igiya.

Tsohon Maharbi:
Madalla. Dubi na farko, biyu dogaye a gaba, biyu ƙanana a baya suna bin juna. Zomonki ne, in yana tsalle ƙafafun baya ke wuce na gaba. Na biyun kuma yatsu huɗu ne da tabon farce a gaban kowanne. Muzuru da kyanwa na ɓoye farce in suna tafiya, sawunsu kewayayye ne ba tsini. Wannan kare ne, kuma ba babba ba, tun da ya iya kutsawa ta rariya. Abin da na zarga ke nan tun jiya. Ya biyo zomo, ya tarar da kaji a kan bulo, ya ga banza ta faɗi.

Layin da kika gani da sawu a gefe da gefe, wutsiyar damo ce. Maciji ba ya barin sawun ƙafa. Shi ne mai ƙwai, kuma cikin bulon yake.

Hajiya Mai Zabi:
Malam Mai Gona, kana ina? Fito ka ga mai gadi.

Mai Gonar Ƙauye:
Ina nan Hajiya. Wannan karen wani ne, ba na gida ba. Da akwai na gida da bai bar shi ya shigo ba. Maganata na nan.

Maman Biyu:
Kada ku sake ɗaukowa. Na nuna wa maigida hoton, ya yi shiru, can ya ce akwai wata 'yar karya ja da ke bin maharbin nan in ya zo wucewa, kuma ita ce ma aka ce za a ba mu. Ya ce zai same shi da kansa su yi magana ta fahimta, ba ma son faɗa da mutanen da muka tarar a wurin. Kafinta ya zo yanzu yana auna ƙofar, an aiki yaro kasuwar Samaru sayen raga. Zancen kwikwiyo bai mutu ba, ya ce bayan salla za a sake dubawa, ni kuma na ce sai Hajiyarsa ta yarda.

Tambaya ɗaya ta rage. Baƙar kazata ta fara kwanci shekaranjiya a bayan bulon, kan ƙwai tara. In na ɗauke ta zuwa akurki za ta yarda ta ci gaba?

Hajiya Mai Zabi:
Da dare za ki ɗauke ta, da ita da ƙwan da ɗan shimfiɗar da take kai, ki sa a kwali a lungu mai duhu ki rufe ta kwana biyu da ruwa da hatsi kusa. Yawanci suna zama. Ki ƙirga kwana 21 daga ranar da ta kwanta. In kina so in aiko miki da ƙwan zabi ki ƙara wa wata, amma sai damina, yanzu ba sa yi, kuma nasu sai ya kai kwana 26 zuwa 28.

Tsohon Maharbi:
Damon kuma kada ku bari leburori su yi gaba da shi. In an kwashe bulon ya fito, a sa shi a buhu a kira ni, jikana zai zo da babur.

Ɗan Zolaya:
Baba, daji za a mayar da shi ko tukunya?

Tsohon Maharbi:
Ya sha ƙwan baiwar Allah wata guda. Sai na ga ƙibarsa tukuna.